Ɗan Hakin Da Ka Raina: Yadda Ƙwayar Yashi Ke Tsayar Da Motar Haƙa

 A wannan makon mun fita daga aji, mun nufi ƙasar Yauri a kudancin Jihar Kebbi, inda Kogin Kwara yake buɗewa ya zama Tafkin Kainji. Darasin da muka kawo muku na Fiziks ne, amma a bakin ramin jan ƙasa muka samo shi.

Wata rana da hantsi, cikin rani, a gefen babbar hanyar da ta tashi daga Yelwa ta ratsa ƙasar Shanga ta nufi Koko, muka tarar da motar haƙa ƙasa a tsaye. Irin motar nan ce mai dogon hannu guda da bokiti a ƙarshensa, wadda masu aikin ke kira eskabeta, mutanen gari kuwa duk katafila suke ce musu. Tifofi sun yi layi babu kaya. Direbobi sun bi inuwa sun miƙe ƙafa, mai sayar da shinkafa da wake ta zauna ta yi tagumi. Injin motar lafiyarsa lau, akwai mai a tanki, direban ma yana nan. Abin da ya tsayar da aiki yana can a bakin bokiti: doguwar wuƙar ƙarfen da aka ɗaure a wurin ta kwance, gefe guda ya karye, bol biyu sun tsinke, sauran kuma suna rawa a cikin ramukansu. Da bakanike ya zaro ɗaya, muka leƙa ramin. Cike yake da jan ƙasa da yashi, sun daskare kamar siminti.

Matsakaiciyar motar haƙa tana da nauyin tan 20 ko sama da haka. Abin da ya durƙusar da ita bai cika cokalin shayi ba. Yaya aka yi haka ta faru? Amsar tana cikin littafin da ke jakarku.

Mu fara sanin bokitin

Bokitin motar haƙa yana da tsada, shi ya sa masu ƙera shi ba sa barin jikinsa ya riƙa gogar ƙasa kai tsaye. Sukan ɗora masa wasu ƙarafa da aka yi su domin su cinye a madadinsa, kamar yadda tafin takalmi ke cinyewa a sake shi, ƙafa tana nan lafiya. Akwai haƙora, waɗanda ke fara shiga ƙasa. Kowane haƙori yana zaune a kan wani gindi da aka yi wa walda a bakin bokiti, ana kulle shi da ɗan sandan ƙarfe. Akwai wuƙar baki, doguwar faffaɗa, da ake ɗaurawa idan ana son a share ƙasa ta yi sumul ko a kwashi yashi. Akwai wuƙaƙen gefe, dama da hagu, masu yanka bangon rami. Akwai kuma farantan ƙarfe da ke kare ƙasan bokiti da dugadugansa.

Wuƙar baki da wuƙaƙen gefe yawanci da bol da noti ake ɗaure su. Bol shi ne ƙusa mai kai da murɗaɗɗen jiki, noti kuma shi ne zoben da ake murzawa a kansa, ko da yake a bakin jama'a duka biyun noti ne. Layin da ya kewaye jikin bol, wanda noti ke bi, shi kanikawa ke kira tiredi. Bol ɗin wuƙar baki yana da siffa ta musamman. Kansa a shafe yake, yana nutsewa cikin wani gurbi mai kama da mazurari har ya yi daidai da fuskar ƙarfen, don kada ƙasa ta same shi a waje ta cinye shi. A wuyansa kuma akwai kusurwa huɗu da ke shiga gurbi mai kusurwa huɗu, su hana shi juyawa lokacin da ake ɗaure noti. Ku riƙe wannan gurbin a ranku, domin a nan datti yake fara ɓarna.

Ƙasar da bokitin yake ci

Motocin haƙa ba baƙi ba ne a wannan yanki. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968, kuma kamfanin Impregilo na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Ruwan da ya taru ya miƙe sama da kilomita 130 zuwa arewa har gaban Yelwa, ya cinye tsohon garin Busa da gungu da dama, aka tashi mutane fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawa, aka sake musu matsuguni. Tun daga lokacin ake ganin manyan injuna a ƙasar Yauri. A yau suna aikin hanya, suna ɗibar jan ƙasa da burji, suna lodin yashi, suna haƙa magudanar ruwa da kududdufan kifi.

Ƙasar wurin iri uku ce ke haɗuwa a kan bokiti. Ta farko laka ce. Masunta a Yelwa da Wara sun san ruwan tafkin yana zuwa sau biyu a shekara. Akwai farar ambaliya ta damina, wajen watan Agusta zuwa Oktoba, wadda ruwan saman yankinmu ke kawowa, ruwan ya yi fari-fari saboda laka. Akwai baƙar ambaliya da ke isowa cikin hunturu daga tsaunukan ƙasar Gini. Ita wannan ta riga ta sauke lakarta a fadamun ƙasar Mali, shi ya sa take zuwa garau. Idan tafkin ya janye, yakan bar laka mai laushi kamar kwalli a gaɓa. Tana shiga duk inda ruwa zai iya shiga, in ta bushe kuma ta ƙame.

Ta biyu jan ƙasa ce da marmara. Jan launinta daga sinadarin ƙarfe yake, dangin tsatsa. Da jiƙa tana da danƙo, da bushewa tana da tauri, abin da ya sa magina ke sonta ke nan.

Ta uku, wadda ta fi su mugunta, ita ce yashi. Yawancin ƙwayoyin yashin kogi ɓarɓashin farin dutsen nan ne da masana ke kira kwaz, irin wanda masu neman zinariya a yankin Birnin Yauri ke bin jijiyarsa a cikin ƙasa. A 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera duwatsu daga 1 zuwa 10 bisa wanda ke iya karce wani. Farcen mutum yana wajen 2.5, gilashi 5.5, lu'ulu'u 10. Kwaz yana kan 7. Ƙarfen bakin bokiti, duk da an gasa shi ya yi tauri na musamman, bai kai 7 ba. Ma'ana, duk lokacin da ƙwayar yashi ta goga ƙarfen, ƙarfen ne ke barin wani abu nasa a wurin.

To, cinyewar da ake yi a waje an shirya mata, don ita aka yi haƙora da wuƙaƙe. Wadda ba a shirya mata ba ita ce ta cikin ramin bol.

Bol yana miƙewa kamar roba

Da yawa muna zaton bol yana riƙe ƙarfe biyu ne kamar yadda sakata ke riƙe ƙofa, wato yana tokare su kawai. Aikinsa ya wuce haka. Idan aka murza noti da ƙarfi, jikin bol ɗin yana miƙewa kaɗan, kamar robar da 'yan acaɓa ke ɗaure kaya da ita. Da yake yana son komawa tsawonsa na asali, sai ya matse ƙarafan biyu su manne da juna. Wannan matsin ne yake hana wuƙar motsi idan bokiti ya daki dutse. In babu matsi, babu riƙo.

Waɗanda suka kai aji biyu na babbar sakandare sun san dokar Hooke, wadda Baturen Ingila Robert Hooke ya wallafa a 1678. Ta ce miƙewar abu tana tafiya daidai da ƙarfin da aka ja shi da shi, muddin ba a wuce iyakarsa ba. Bari mu gwada ta a kan bol mai kaurin milimita 24, mai lamba 10.9 a kansa. Wannan lambar shaidar ƙarfinsa ce, za ku ga 8.8 ko 12.9 a kan wasu.

Idan an ɗaure shi yadda ya dace, kowace murabba'in milimita ta jikinsa tana ɗauke da ja na wajen Nuton 600. Lambar Young ta ƙarfe kuwa wajen 200,000 ce a wannan ma'auni. Raba 600 da 200,000, za ku samu 0.003. Idan kaurin ƙarafan da bol ɗin ya matse milimita 50 ne, sai mu ninka 0.003 sau 50. Amsa: milimita 0.15.

Ku ɗaga takarda ɗaya ta littafin rubutunku ku duba kaurinta. Wajen milimita 0.1 ne. Wato duk miƙewar da wannan ƙaton bol ya yi ba ta wuce kaurin takarda ɗaya da rabi ba. Amma matsin da ta haifar ya haura nauyin tan 20, kamar a ɗora buhun siminti 400 a kan wuri guda.

Yanzu mu dawo ga yashi. Girman ƙwayarsa yana kamawa daga wajen milimita 0.06 zuwa milimita 2. Ku ɗauka 'yan ƙwayoyi sun maƙale a ƙarƙashin kan bol, ko tsakanin wuƙa da bakin bokiti, lokacin da aka ɗaure. Sifana za ta nuna ya ɗauru tamau, domin a kan yashin ya ɗauru. Mota ta koma aiki, bokiti ya yi ta dukan ƙasa, jijjiga ta niƙe ƙwayoyin suka zama gari, ruwa ya wanke garin. Gurbin da suka bari ya kai ko ya fi wancan milimita 0.15. Bol ya koma tsawonsa, matsin tan 20 ya tafi, alhali babu wanda ya taɓa notin. Daga nan wuƙa ta fara motsi, tana dukan bol ta gefe, ramin da yake zagayayye ya fara zama kamar ƙwai, ƙarin yashi ya samu hanyar shiga. Ƙarshenta bol ya gaji ya tsinke. Abin da muka gani a hanyar Koko ke nan.

Sauran ɓarnar datti

Akwai wasu hanyoyi uku da datti ke cutar da ramin bol.

Na ɗaya, yana yaudarar mai ɗauri. Cikin ƙarfin da ake sa wa sifana, wajen kashi 90 cikin 100 yana ƙarewa ne wurin yaƙi da gogayya a tiredi da ƙarƙashin noti. Kashi 10 kacal ke miƙar da bol. Idan tiredi yana da yashi ko tsatsa, gogayya ta ƙaru, sai hannu ya ji noti ya ƙi gaba tun bol bai miƙe yadda ake so ba.

Na biyu, wasu ramukan ba sa ɓullewa ta ɗaya gefen, kamar rijiya suke. Idan laka ta taru a ƙasan irin wannan rami, bol zai sauka ya tokare ta ya tsaya, kansa bai kai ga matse komai ba. Idan ruwa ne ko mai ya cika ramin, abin ya fi muni, domin ruwa ba ya matsuwa. Ana iya tsaga ƙarfen garin tilasta bol ya shiga.

Na uku, laka tana riƙe danshi, danshi kuma yana kawo tsatsa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, don haka tana cika tsakanin bol da noti har su zama abu guda. Ranar da aka zo juya wuƙa ko sauya ta, noti ya ƙi kwancewa, sai a kira mai walda ya yanke da wuta. Wutar kuwa tana kashe taurin ƙarfen da ke kewaye da ramin, wurin ya yi laushi, ya riƙa cinyewa da wuri.

Yadda gwanaye ke yi

Maganin ba shi da tsada. Kayan aikinsa su ne buroshin waya, tsinken ƙarfe, tsumma, ruwa, man giris da haƙuri.

Gwanin bakanike ba ya kwance wuƙa a cikin taɓo. Yana sa a kai motar wuri busasshe, a wanke bokitin, a shimfiɗa buhu ko katako, a zuba bol da noti cikin gwangwani. Bol ɗin da ya faɗi ƙasa ba ya komawa rami sai an wanke shi.

Bayan an cire tsohuwar wuƙa, sai a kankare fuskokin biyu da za su haɗu har ƙarfe ya fito fes. Tsatsa, busasshiyar laka, tsohon fenti mai kauri da ɗigon walda duk sai sun fita, domin kowannensu zai iya yin abin da yashi ya yi. Sannan a bi ramukan ɗaya bayan ɗaya: a sassaƙe da tsinke, a goge da ƙaramin buroshi, a hura iska, a duba da tocila. Gurbin mazurari da kusurwoyin nan huɗu su ake fi ba lokaci. Idan kan bol bai nutse ya yi daidai da fuskar wuƙa ba, akwai abin da ya rage a ciki.

Wajen ɗauri, ana fara sa dukkan bol a kama su da hannu, sannan a ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, don wuƙar ta kwanta ba tare da ta yi doro ba. Akan bugi kan kowane bol da guduma ya zauna sosai a gurbinsa, a sake ɗaurewa. Akwai sifana mai awo da ke nuna iyakar ƙarfin da aka sa. Bol irin wanda muka yi lissafi da shi yana buƙatar wajen Nuton-mita 1,000, kamar mutum mai kilo 100 ya tsaya a ƙarshen sifana mai tsawon mita ɗaya. Ainihin adadin yana cikin littafin kowace mota, kuma littafin yana faɗa ko a bushe za a ɗaure ko da mai. Wannan yana da muhimmanci: idan aka shafa mai a tiredi aka kuma yi amfani da adadin busasshe, bol zai miƙe fiye da kima, ya wuce iyakar da Hooke ya yi gargaɗi a kanta. Bayan motar ta yi aiki na 'yan awoyi, sai a dawo a sake bin notin duka da sifana. Wanda ya tsallake wannan mataki ya yi rabin aiki.

Sai kuma ramukan da babu komai a cikinsu. Sau da yawa akan cire wuƙaƙen gefe idan za a haƙa siririn rami, ko a cire wuƙar baki idan za a shiga ƙasa mai tauri. Ramukan da aka bari a buɗe suna cika da ƙasa, bakinsu yana cinyewa. Hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da tsohon bol da noti a ciki, an shafa musu giris, su zauna a matsayin murfi. Akwai kuma marufan roba da ake yi domin wannan aiki. Inda babu su, akan yanka guntun tsohuwar taya ko silifas a cusa da ƙarfi, ko a cika ramin da giris mai kauri a toshe bakinsa. Sai dai giris da kansa yana kama yashi, don haka ranar da za a yi amfani da ramin, dole a kwashe shi tas a wanke. Haka ma inda noti yake zaune a cikin lungu: in an toshe lungun tun yana da tsabta, ranar kwancewa murfin kawai za a ɓalle, sifana ta zauna daidai.

Abu na ƙarshe shi ne wankin yamma. Laka tana fita da bokitin ruwa ɗaya tun tana ɗanya. In ta kwana ta bushe, sai da kurfi da guduma. Direban da ke zagaya bokitinsa kowace safiya yana neman alama guda: jan gari kamar tsatsa da ke fitowa daga gefen noti, ko wuri mai sheƙi kusa da shi. Wannan yana nuna ƙarafan sun fara goga juna, a ɗaure tun kafin a yi asara.

Yatsa ba ya tsirowa

Mun san wasunku suna zuwa gareji bayan an tashi makaranta ko lokacin hutu, kuma share ramin bol yana cikin ayyukan farko da ake ba yaro. Don haka ku ji wannan da kyau.

Kada ku taɓa zura yatsa cikin rami don ku ji ko ramukan biyu sun yi saiti. Wuƙar baki tana da nauyi ƙwarai, in ta zame kaɗan, ramukan biyu sun zama almakashi. Da sandan ƙarfe ake saita su. Kada ku shiga ƙarƙashin bokitin da ke sama yana dogaro da man hannun motar kaɗai, domin tiyo yana iya fashewa. A sauke shi ƙasa ko a tokare shi da katako mai ƙarfi, a kashe inji, a zare makulli, makullin kuma ya zauna a aljihun wanda ke aikin. Ku sa tabarau na kariya duk lokacin da ake hura iska ko ake bugun ƙarfe da guduma. Ƙarfe mai tauri yana ɓantarewa, ɓantaren kuma yana tashi da gudu. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido, a wannan sana'a kuwa maganar ba ta tsaya a karin magana ba. Idan maigidanku ya manta bai ba ku tabarau ba, ku tambaya cikin ladabi. Babu kunya a ciki.

Wa ke biyan kuɗin ƙwayar yashi?

Bol guda ba wani abu ba ne a kan kuɗin motar. Amma ba a kowane shago ake samun irinsa ba. Sau da yawa sai an aika Kwantagora, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, wani lokaci har Legas. Kafin kaya su iso, kwana biyu ko uku sun wuce. Ana biyan hayar motar haƙa ne bisa yini ko awa, don haka mai ita ya yi asara. Direbobin tifa da ake biya bisa sawu sun koma gida hannu rabbana. Leburori, mai abinci, mai sayar da ruwa, duk abin ya shafe su. Idan magudanar ruwa ake haƙawa kafin damina, ko hanyar da za a fitar da albasa da shinkafa zuwa kasuwar Yelwa, asarar ta kai har gidajen da ba su taɓa ganin motar ba. In kuma ramukan bakin bokitin ne suka faɗaɗa, sai an yanke bakin gaba ɗaya an yi waldar sabo. Aikin minti goma da buroshi ya koma aikin mako.

Ku gwada da kanku

Ga gwaji biyu da za ku iya yi tare da malamin kimiyya. Na farko, ku samo ɗan farin dutse daga bakin kogi da kwalbar da ba a so, ku karce kwalbar da dutsen. Sannan ku gwada da ƙusa. Wanne ya bar zane? Me wannan ya gaya muku game da jerin Mohs?

Na biyu, ku karɓo bol da noti biyu da 'yan farantan ƙarfe huɗu masu huda wurin mai gyaran keke ko mai walda. Ku ɗaure faranti biyu da tsabta. Sauran biyun ku barbaɗa yashi tsakaninsu kafin ku ɗaure, da ƙarfi iri ɗaya. Ku bubbuga kowane da guduma sau hamsin, fuska na nesa, ido a kare, sannan ku gwada juya farantan da hannu. Ku rubuta abin da kuka gani.

Sana'a ce mai ci

An yi wa motar haƙa ta farko mai aiki da tururi rajista a Amurka a 1839, da sunan wani matashi William Otis, wanda bai kai shekara 30 ba. Kamfanin Caterpillar, wanda sunansa ya zama katafila a bakinmu, an kafa shi a 1925. Injunan sun canja ƙwarai tun daga lokacin, yanzu har da kwamfuta a cikinsu, amma har gobe suna buƙatar mutumin da ya san dalilin da ya sa ake share rami kafin a sa bol. Wanda ke sha'awar wannan fanni yana iya bi ta kwalejin fasaha ya rubuta jarrabawar NABTEB, ko ya gama sakandare ya nemi sashen injiniyan injuna a makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi. 'Yan mata ma ƙofar a buɗe take gare ku, domin lissafi da lura ba su san namiji ko mace ba. Wanda kuma yake koyo a gareji, kada ya yar da littafi. Yaron da ya iya riƙe sifana kuma ya iya lissafin da muka yi a sama, shi ne gobe za a ba amanar mota.

Kafin mu bar wurin nan na hanyar Koko, mun ga yaron bakaniken, wanda ba zai wuce sa'anku ba, ya durƙusa da tsinke da buroshi yana bin ramukan da suka rage ɗaya bayan ɗaya, yana hurawa, yana haskawa da tocilar waya. Maigidansa bai ce masa ya yi sauri ba.

Tambayar mako: Bol na biyu yana matse ƙarafa masu kaurin milimita 80, da ja iri ɗaya da na misalinmu. Milimita nawa zai miƙe? Tsakaninsa da na milimita 50, wanne zai fi jure wa ƙwayar yashi guda, kuma me ya sa? Ku yi lissafin, ku nuna wa malaminku, za mu kawo amsa a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.